Fom Ɗin da Ya Ce Mu Yabi Kanmu

Makarantar kwana mai nisa da gida, wadda ke tsamo yara 'yan kaɗan daga cikin tarin jama'a, ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 irinta ce. Ita ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta dawo Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A wancan zamani hukuma ce ke zaɓen yaro, wasu iyayen ma ɓoye nasu suke yi gudun boko. A zamaninmu kuwa yaro ne zai tashi ya nemi a zaɓe shi, a rubuce, cikin Turanci.

Mu huɗu ne muka gwada sa'armu daga Kakau a 2008, maza uku da mace ɗaya, muna aji biyu na babbar sakandare. Wanda ya saba bin hanyar Abuja ya san Kakau, can gaba da Gonin Gora, a ƙaramar hukumar Chikun. Biyu cikinmu Hausawa ne, ɗaya 'yar Gbagyi, ɗaya kuma iyayensa daga wajen Kafanchan suka zo. Hausa ce ta haɗa bakinmu. Mun taso bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da kogin Kaduna ya zama kamar katanga, Musulmi suka yi ta ƙaura zuwa arewacin gari, Kirista zuwa kudanci. Iyayenmu na cikin waɗanda suka zauna inda suke. Masaƙun Kakuri kuma sun rufe ɗaya bayan ɗaya, iyayen biyu daga cikinmu suka dawo gida zaman jiran haƙƙinsu.

Malaminmu na lissafi ne ya fara ba mu labarin. Ya ce akwai wasu makarantu da ake kira UWC, ta farkonsu an kafa ta a yankin Wales na Birtaniya a 1962, bisa tunanin wani Bajamushe mai suna Kurt Hahn, don a haɗa matasa daga ƙasashe daban-daban su yi shekara biyu tare. Ya ce akwai ɗayarsu a Swaziland, wato Eswatini ta yanzu, mai suna Waterford Kamhlaba, inda 'ya'yan Nelson Mandela suka yi karatu lokacin mulkin wariyar launin fata. Ga kuma wata sabuwa a kusa da birnin Johannesburg, African Leadership Academy, wadda wani ɗan Gana, Fred Swaniker, da abokansa suka kafa, a shekarar nan ma za ta karɓi ɗalibanta na farko. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne maganarsa ta ƙarshe: suna ɗaukar nauyin ɗan talaka idan ya cancanta. Muka yanke shawarar neman ɗaya daga cikin irinsu.

Mun ɗauka jarrabawa za a yi, domin ita muka sani. Ashe kafin a kai ga wannan akwai wata tantancewa da babu wanda ya sa mata suna. Sai kana da adireshin imel. Sai malamanka biyu sun rubuto shaida a kanka. Sai an ɗauki hoton sakamakon jarrabawarka da na'ura an aika. A Kakau ba mu da inda za mu yi wannan, sai mu hau bas mu bi ta Gonin Gora da Kakuri, mu haye gada zuwa wani shagon intanet a cikin gari, inda ake sayen lokaci awa-awa. Kuɗinmu na awa ɗaya ne, don haka kwamfuta ɗaya muke rufa wa mu huɗu. Wata rana aka ɗauke wuta muna tsakiyar shafi na uku, kafin a tada janareto duk abin da muka rubuta ya tafi, lokacinmu kuma yana ta ci.

Duk wannan wahalar jiki ce, mun saba da ita. Wadda ta fi ƙarfinmu tana cikin tambayoyin. Ɗaya ta ce ka kawo wata matsala ta unguwarku, ka faɗi abin da kai ka yi a kanta. Abin faɗa kam muna da shi. Duk damina mukan shiga aikin gayya mu yashe kwalbatin layinmu. Da yamma muna tara ƙannenmu a zauren wani maƙwabci muna koya musu karatu da lissafi, yaran masallaci da na coci a tabarma ɗaya, a garin da ba a daɗe da ƙona wa juna gidaje ba. Muka rubuta duka, kowace jimla ta fara da "mun".

Malam ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "'Ya'yana, mutanen nan mutum ɗaya za su ba gado da kujera. Wane ne 'mun' ɗin nan?"

Muka yi tsit. A gidajenmu an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Wanda ya dawo daga gayya ya ce shi ya yi aikin, ba za a sake kiransa ba. Da ɗayanmu ya fassara wa mahaifiyarsa tambayar, sai ta riƙe baki ta ce, "To su ba za su aiko a tambayi mutanen unguwa ba ne? Yaron kirki ai wasu ke faɗin halinsa."

Mako biyu muna juya maganar. Wadda ta warware mana ita ce 'yar'uwarmu mace. Ta ce mu daina kallon abin a matsayin yabo, mu ɗauke shi kamar ba da shaida gaban alƙali, inda ake faɗin abin da ya faru da ranar da ya faru ba tare da ƙari ba. Sai muka zauna kowa ya faɗi abin da ya ga ɗan'uwansa ya yi. Nan muka tuna ita ce ta bi gida-gida ta roƙi iyaye su bar 'yan mata su zo zauren. Wani shi ya samo allon katako ya shafa masa baƙin batir. Wani shi ke raka ƙananan yara gida idan magariba ta yi. Kowa ya karɓi nasa daga bakin sauran ya rubuta da "na". Yabon da kunya ta hana mu yi wa kanmu, mun yi wa juna.

Biyu aka kira ganawa a Abuja. Ɗaya aka ɗauka, ita ce macen. Mahaifinta ya kwana uku bai sa hannu a takardar ba. A na huɗu ya kira Malam ya ce, "Malam, amana ce na ba ka." Mu ukun muka raka ta tasha, muna murna da gaske, muna kuma jin wani abu a maƙogwaro da ba mu gaya wa juna ba sai bayan shekaru. Zauren karatun bai kai wata damina ba ya watse, domin ita ce iyayen 'yan matan suka yarda da ita. Wannan ma yana cikin kuɗin da unguwa ke biya idan aka tsamo mata yaro guda.

Biyu daga cikin waɗanda suka rage muka karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a wancan shagon muka fara taɓa allon rubutu. Yau aikinmu ke nan, rubuta manhajoji, ciki har da irin fom ɗin nan. Idan abokan aiki suka ce a wajabta lambar akwatin gidan waya, mukan tambaya yaron da layinsu ba shi da suna me zai rubuta. Mukan dage sai fom ya riƙa adana abin da aka rubuta shafi-shafi, ya kuma karɓi hoton da aka ɗauka da ƙaramar waya. Waɗannan 'yan abubuwa su ke yanke wa yaro hukunci tun kafin wani ya karanta sunansa.

Ƙannenmu na yau, abin da muka haye gada muna nema yana cikin aljihunku. Makarantun UWC sun kai 18, ana neman su ta hannun kwamitin kowace ƙasa, Najeriya ma tana da nata. Ta Johannesburg kuwa kai tsaye ake nema a shafinta. Ku shiga shafinsu na ainihi, ku guji duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku gurbi. Ku nemi takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa tun da wuri, ku sanar da iyaye tun ranar farko, kada sai takarda ta zo. Idan kuka iso tambayar da ta ce ku faɗi abin da kuka yi, ku tara abokan da suka san ku, ku ba su dama su faɗa, ku kuma ku rubuta.