Ƙarafan gadar Skeidara

1/ Jama'a, a ƙasar Iceland na ga ƙarafan gada a bakin titi, a murɗe kamar tsumman da aka matse. Na ɗauka bam ne. Direbanmu ya ce a'a, ruwa ne.

2/ A 1996 dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashin ƙanƙarar Vatnajokull. Ƙanƙarar ta narke ta ƙasa, ruwan ya taru a tafkin Grimsvotn. Wata guda cur aka zuba ido.

3/ Ranar 5 ga Nuwamba ya ɓalle ta kogin Skeidara, ɗauke da curin ƙanƙara kamar ɗakuna. Ba a rasa rai ba, dama an rufe hanyar.

4/ Wallahi da muka hau gada ta gaba, salati kawai nake, idona na kan ƙanƙarar nan.