Tafinta Tsakanin Harafi da Allo

Duk harafin da ya bayyana a allon kwamfuta ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso. Akwai lambar da tsarin Unicode ya ba shi, akwai zanen surarsa, akwai manhajar da ke jera shi kusa da ƴan'uwansa, sannan can ƙasa akwai wata da masu sana'ar ke kira direba. Sunan bai zauna mata sosai ba, domin aikinta na tafinta ne: ita ke juya buƙatun sauran manhajoji zuwa yaren da ƙwaƙwalwar zane ta na'urar take ji.

Wani malamin yaƙi da jahilci a Gidan Rumji ya san darajar tafintan nan ranar da ya rasa shi. Da tsohuwar kwamfutar gwanjo yake buga darussan ɗalibansa, mata da magidanta masu zuwa karatu bayan an taso daga gona. Kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar zanenta ya daina sabunta direban, sai allo ya riƙa ƙyafce-ƙyafce, layuka suna hawa kan juna. Mai gyara ya ce a sayi sabuwa, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin gyaɗar da malamin ya noma. Wani ɗalibin jami'ar Maradi da ya zo hutu ne ya sanya mata Linux, wanda ke tafe da Mesa, aikin da Brian Paul ya fara a 1993, ya zama rumbun buɗaɗɗun direbobin zane. Allo ya natsu.

Yadda aka gina wasu daga cikin direbobin nan shi ya kamata ya ja hankalin mai nazarin harshe. Idan kamfani bai fitar da bayanin na'urarsa ba, masu aikin sukan zauna gabanta kamar mai bincike gaban harshen da ba a taɓa rubuta nahawunsa ba. Sai a umarci rufaffen direban kamfanin ya zana siffa mai kusurwa uku, a kwafe lambobin da ya aika wa ƙwaƙwalwar. A sauya abu ɗaya tak, launi misali, a sake kwafewa, a gwama. Inda lambobin suka saɓa, nan ma'anar launi take. Da wannan dabara ce ɗalibi ke tabbatar da cewa k da ƙ sautuka ne mabambanta, in ya ajiye kafa kusa da ƙafa, baki kusa da baƙi. Ta haka aka gina Nouveau don na'urorin Nvidia, da Lima da Panfrost don ƙwaƙwalwar Mali da ke cikin wayoyi masu araha da yawa (ba a Bamako aka ƙera ta ba, daga Norway ta samo asali). Sai dai mai ba da bayanin harshe yakan ce, "Ba haka muke faɗi ba," har ya gyara maka. Na'ura ba ta da wannan ladabi. Allo kawai zai yi baƙi.

Direba bai san ƙ ba, ɗigo da launi kaɗai ya sani. Saboda haka natsuwar allo ba ta raba malamin da tsohuwar matsalarsa ba. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma ba kowane zanen haruffa ke ɗauke da ita ba. In ta ɓace, akwatin banza ke tsayawa a gurbinta. In aka cire mata lanƙwasa don sauƙi, ƴaƴa su koma yaya, sabon mai karatu ya rasa ko zancen yara ake ko na babban wa. Maganin wannan ya zo ne daga Andika, zanen haruffan da SIL ta tsara don masu koyon karatu, ta kuma sake shi kyauta. Manhajar jera haruffa ta HarfBuzz ma buɗaɗɗiya ce, kuma sunanta na Farisanci ya faɗi hakan: "harf" shi ne harafinmu, "baz" kuwa buɗaɗɗe.

Buɗewar ƙofa ba ta kai kowa ciki. Yanzu malamin na shirya darussan da ajami, da zanen Alkalami, domin yawancin magidantan sun fi saninsa tun makarantar allo. A wata manhaja ɗigon imala yana gocewa daga ƙarƙashin harafinsa. Kowa na iya kai ƙarar wannan kuskure ga masu gyara, amma da Turancin Ingilishi ake kai ta, shi kuwa Hausa da Faransanci yake ji. Ya ɗauki hoton shafin ya tura wa ɗalibin nan a Maradi.