Labarin Kajin Wani Gida a Mai Wurno

 Wannan labarin wani gida ne a Mai Wurno, garin nan na bakin Bahar Azrak, kudu da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe ubansa a Burmi a 1903. Maigidan ba shi da gona tasa, ƙodago yake yi. Yana da mata ɗaya, da tsohuwarsa, da 'ya'ya huɗu. Babbar tana da shekara tara, autan yana goye.

Tun da Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da mafi yawan man fetur, kuɗin Sudan ya yi ta lalacewa. A ƙarshen 2018 gurasa guda ta tashi daga fam ɗaya zuwa uku a waɗansu garuruwa. Nama ya bar tukunyar gidan. Matar ta ga kuɗin da ta ƙulle a bakin zane ba ya sayen abin da ya saya wancan wata, alhali ba wanda ya taɓa shi. Sai ta ce, "Malam, kuɗi a ajiye ramewa yake yi, kaza a ajiye ƙaruwa take yi." Ta sayar da tasa guda cikin kayan ɗakinta, ta sayi sagara biyu. Zakara kuwa ba su saya ba, domin na maƙwabta yana tsallako danga kullum ba gayyata.

Maigida ya zauna ya yi lissafi, ya ce kaza biyu, ƙwai biyu a rana, sittin a wata. Wannan lissafin wanda bai taɓa kiwo ba ne. Ku sani, kazar gida takan yi ƙwai goma sha biyu ko kusa da haka, kana ta tsaya. Ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta bi 'ya'yanta kamar wata biyu, kana ta koma ƙwai. Sau uku ke nan a shekara, in ta yi ƙoƙari huɗu. Kajin gona da ke yin ƙwai kusan kullum, abincin saye suke ci, ranar da babu su tsaya.

Aka raba wa yara aiki. Babba ita ke da akurki, ta share, ta zuba toka saboda ƙwarƙwata. Mai bi mata yakan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a bakin suri, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ɗauko ta cike da gara. Na uku, ɗan shekara huɗu, aka ba shi sanda aka ce ya yi gadin shirwa. Kwana biyu ya yi yana gadi. Ran na uku ya juya kallon jaki, shirwa ta sauko ta ɗauke ɗan tsakon da ya ce nasa ne. Ya yi kuka har ya ƙi tuwo. Daga nan uwarsu ta riƙa kife 'yan tsaki a ƙarƙashin babban kwando har su yi wayo, ta ba su tsaki da dusa a ciki, ta sa tsakuwa a kaskon ruwa kada su nutse.

Rigimar da ta fi tsawo ta ƙwai ce. Da aka yaye auta sai ya rame. Uwarsa ta dafa masa ƙwai, tsohuwa ta hana, ta ce yaro in ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, haka suka ji daga iyayensu tun Sakkwato. Matar ta durƙusa ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, ku dubi wuyan yaron nan." Maigida ya yi shiru, kamar yadda maza kan yi in magana ta shiga tsakanin uwa da mata. Ita wannan magana ba ta da asali, dabarar manya ce don ƙwai ya tsira har a ƙyanƙyashe shi. Suka daidaita a kan takwas a bar wa kaza, saura na yara. Ba a yi wata ba aka iske tsohuwa a bayan ɗaki tana ɓare wa auta ƙwai da hannunta, tana cewa, "Ci, mijina, kada kishiyoyina su gani."

Da Babbar Salla ta 2019 suka sayar da zakaru uku, aka ɗinka wa yara riguna. Zuwa shigowar ɗari kaji sun kai 19. Nan ne maigida ya je kasuwar Sinnar, ya ga ƙaton zakara da araha, ya saya, ya kawo, ya sake shi cikin sauran. Bai tambayi kansa abin da ya sa mai shi ke gaggawa ba. Bayan kwana biyar kaji suka fara saukar da fikafikai, suna kashi kore, suna buɗe baki da ƙyar, waɗansu wuyansu ya murɗe baya. Aka ba su barkono, aka ba su tafarnuwa, aka jiƙa musu kafso. Duk banza ne. Wannan annoba, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ba ta da magani in ta shiga, sai riga-kafi. Cikin kwana goma 14 suka mutu. Babba ce ta haƙa rami ta binne su, ta hana ƙannenta jefar da su a bola, inda karnuka za su ja su zuwa gidan wani.

Maigida ya ce wa matarsa, "Ni na kawo." Ba ta amsa ba. Kuɗin littattafan makaranta ne ya tafi, da kuɗin asibiti in wani ya kwanta, da tasarta. Washegari ya je wurin masu duba dabbobi. Suka gaya masa maganin ɗigo ne a ido, a maimaita duk bayan wata huɗu, kuma sabuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Amma kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, in an buɗe ba ta jira, su kuwa shida suka rage musu. Sai matar ta yafa mayafi ta shiga gidaje bakwai na unguwa. Biyu suka ƙi, suka ce kaza ba ta kai a yi mata likita ba. Biyar suka haɗa kuɗi.

Wannan duka kafin yaƙin da ya tashi a 2023 ne. Ranar ɗigo, da sassafe tun kaji ba su fita ba, Babba ta riƙe tsohuwar kazar nan, ɗaya cikin biyun farko, ubanta ya ɗiga mata, suka jira ta ƙifta ido kana suka sake ta. Mai gadin shirwa yana tsaye da sandarsa, yana ƙirgawa da ƙarfi, in ya kai huɗu ya ɓata ya koma farko.

Tamat.