Motar da Ba Ta Natsuwa Sai da Kaya

Ranar da famfon ruwan motata ya lalace, wuni na yi a wani gareji da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ina jiran yaron da aka aika ya sayo wani. Wanda ya san aiken yaron gareji ba ya tambayar yaushe zai dawo. Sai na nemi benci a gindin dalbejiya na zauna tare da wasu mutum huɗu da ban san ko ɗaya a cikinsu ba. Dukkansu masu akori-kura ne, kuma kusan ciwo ɗaya ya kawo su: bayan mota.

Abin da na fara lura da shi shi ne yadda suke duban motar juna. Mu masu ƙananan motoci fenti muke dubawa, da fitila, da ko gilashi ya tsage. Su kuwa duk wanda ya iso, da zarar an gama sallama da tambayar iyali, sai ya zagaya bayan motar ɗan'uwansa, ya dafa bodi, ya sunkuya ya leƙa ta saman taya, leɓensa na motsi. Ƙirga yake yi. Sifirin falle nawa ne?

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, sifirin ɗin akori-kura ba irin murɗaɗɗen nan ba ne na ƙananan motoci. Dogayen fallayen ƙarfe ne masu ɗan lanƙwasa kamar baka, an jera su wani a kan wani, kowane na ƙasa ya fi na samansa gajarta. Na can sama shi ne babba, an naɗe bakinsa biyu an cusa roba, da shi ake rataye sauran a jikin shasi. Ƙusa guda ta ratsa tsakiyarsu ta haɗe su, wasu ƙusoshi biyu masu siffar ƙugiya kuma suka ɗaure su a kan aksul. Shi ke nan. Irin wannan sifirin ya girmi mota kanta, tun zamanin keken doki Turawa ke amfani da shi, kuma har yau ba a samu abin da ya fi shi sauƙin gyara a bakin hanya ba.

Dattijon cikinsu, wanda kowa ke kira Baba, yana da Peugeot 504, wato Fijo a bakin mutanenmu, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Kamfanin na Kaduna ya fara fitar da motoci a 1975, kuma shekaru da yawa ke nan da daina haɗa 504, amma je ka kasuwar Dambatta ranar Lahadi ko ta Wudil ranar Juma'a ka ga ko sun ƙare. Tasa an ɗaga bayanta an tokare da kututture, an kwance sifirin an shimfiɗa a ƙasa. Falle ɗaya ya karye daidai ramin ƙusar tsakiya, inda yawanci suke karyewa idan ƙusoshin ɗauri sun yi sako-sako.

"Baba, a yi mata walda mana, ka samu ka kai kayan yau," in ji wani mai matsakaicin shekaru da ke ɗaukar tumatir daga Kadawa.

"Kai yaro, ba a yi wa sifirin walda," Baba ya ce, ko kallonsa bai yi ba. "Wuta tana kashe ƙarfen. Ya riƙe ka daga nan zuwa Dawanau, a hanyar dawowa ya sake ka da kaya a ka."

Gaskiyar Baba ce. Ƙarfin sifirin yana cikin yadda aka gasa shi aka sanyaya shi tun a masana'anta, zafin walda kuma yana ɓata wannan gashin, sai gefen ɗinkin ya sake tsagewa. Abin da ya yarda da shi shi ne bugu. Idan fallaye sun gaji sun miƙe, sai bakanike ya ɗora kowanne a kan guntun ƙarfe mai rami, ya riƙa dukansa da guduma daga wannan baki zuwa wancan har lanƙwasar ta dawo. Ana cikin hirar ma wani yaro yana wannan aikin, kowane bugu sai ka ji shi a haƙoranka. Shi ma ɗin na ɗan lokaci ne, amma dai ba ya cin amana a tsakiyar daji.

Daga nan maganar ƙari ta taso, wadda na fahimci ita ce uwar hirar. In ban da ƙaramin cikinsu, ba wanda ya bar motarsa yadda kamfani ya yi ta. Wannan ya ƙara falle biyu a kowane gefe, wancan uku. Ana sayo na wata motar da ta fi girma a wajen masu kayan Beljiyam, a yanke daidai tsayi, a huda tsakiya, a cusa, a canja ƙusoshi da dogaye. Dalilin kuwa lissafi ne da ko ɗan firamare zai yi. Irin waɗannan motoci, Fijo ce ko Hilux, nauyin da aka ƙera su su ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Buhun masara kilo 100 ne. Ke nan buhu goma, a yi haƙuri da direba da yaronsa. To wane mai kaya ne zai yi shatar mota daga ƙauye saboda buhu goma? Ana loda ashirin, wani ya wuce, sannan masu kayan su hau can ƙololuwa su zauna suna riƙe da igiya.

Na yi karambani na ce ai sai a sa shokazoba mai ƙarfi. Suka yi mini dariyar da ake yi wa baƙo. Bakaniken garejin, yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Malam, shokazoba ba ta ɗaukar kaya. Ita aikinta ta hana mota rawa bayan ta faɗa rami. Danna gefen mota ka saki, in ta yi ta lilo, ta mutu. In ka ga mai yana tsiyaya a jikinta, ta mutu. Amma kaya na sifirin ne." Na yi shiru na karɓi karatuna.

Shi bakaniken nan ne kaɗai ba ya murna da ƙarin, ko da yake da shi yake cin abinci. Ya ce ka ƙara sifirin, ba ka ƙara birki ba. Ba ka ƙara aksul ba, ba ka ƙara taya ba, shasi ma yana nan yadda yake. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa saboda shi ba ɓacewa ya yi ba, wani wurin ya koma. Shi ya sa za ka ga shasi ya tsage daidai bayan kan mota, ko boris ya ci wuta, ko taya ta fashe da rana tsaka a kan kwalta. Sai kuma ya nuna mana wani ɗan abu a ƙarƙashin wata tsohuwar Hilux, wanda ban taɓa sanin da shi ba: wani bawul a layin birkin baya, da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksul. Idan an yi lodi bayan mota ya zauna, ƙarfen nan yana motsawa, bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan ba kaya, ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. To ka cika sifirin, mota ta daina zama. Kaya ya kai tan biyu, amma bawul yana ganin motar wayam take, sai ya ba da birkin marar kaya. Tun da bayanta bai nuna ba, ba a san tana ɗauke da komai ba.

Ba wanda ya musa masa. Mai tumatir ya ce, "Oga, duk mun ji. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya lissafa: kafin ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kayan gyara da dala ake shigo da su. Sawu biyu da ake yi da, yanzu dole a haɗe shi ya zama ɗaya. A ganina bakaniken ne mai gaskiya, kuma na tabbata su ma sun san haka, don kowannensu yana da labarin wani da mota ta kife da shi a kwana saboda kaya ya yi tsayi. Sai dai gaskiyar da ba ta zuba mai a tanki ba ta cika samun masu bin ta ba.

Ƙaramin cikinsu saurayi ne mai sabuwar Hilux fara, ta gidansu ce, ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi buhun shinkafa ba. Shi ɗagawa yake so a yi mata. Ya fito da waya yana nuna musu motocin Ostareliya da Amurka, waɗanda ake ɗaga su inci biyu ko fiye, a sa manyan tayoyi, a tafi daji hawan duwatsu ranar hutu. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"To ina kayan?"

"Baba, ba kaya. Sha'awa ce kawai."

"Ikon Allah," in ji Baba, ya miƙa masa wayarsa.

Can kuɗi ake kashewa a je neman gargada. Nan gargadar ce ke biyo ka har ƙofar gida, musamman da damina. Amma game da Hilux kanta ba gardama a bencin. Tun 1968 Toyota ke yin ta, kuma yaƙin da Chadi ta fatattaki sojojin Libiya a 1987 har sunan yaƙin Toyota ake ba shi, saboda da irin waɗannan motoci aka yi shi. Direbobin Agadas masu keta sahara su ma ita suka riƙe.

Inda hirar ta fi yi mini daɗi shi ne da suka koma ƙorafi kan motar idan ba kaya. Akori-kurar da aka cika wa sifirin, in ta fita wayam, ba ta tafiya, tsalle take yi kamar ɗan akuya. Kowane ɗan tudu sai kanka ya bugi rufi. Wani ya ce uwargidansa ta rantse ba za ta ƙara shiga ba tun ranar da ya kai ta awo asibiti, ta ce gara Adaidaita. Wani ya ce shi buhun yashi biyu yake ajiyewa a baya dindindin, don kawai motar ta natsu. Sai an ɗora mata nauyi take tafiya sumul.

Daga nan ban san lokacin da aka bar maganar mota ba. Mai tumatir zai aurar da 'ya bayan Sallah, kafinta ya riƙe masa gado. Baba yana riƙe da marayun ƙaninsa biyar a kan nasa. Ɗayan kuma kuɗin makaranta. Suka shiga lissafin abin da mai akori-kura yake gani a unguwa: shi ne mai kai kayan jere, shi ne mai ɗauko ragunan layya, shi ne mai kwashe kayan wanda mai gida ya tasa, kuma idan aka yi rasuwa maƙabarta da nisa, ƙofarsa ake bugawa tun asuba. Rabin wannan ba a biya, sai "Allah ya saka da alheri", wani lokacin ko kuɗin mai babu. Suna faɗa kamar kuka suke, amma na lura ba wanda muryarsa ta yi rauni. Baba ma cewa ya yi makon da ya kwanta zazzaɓi ba wanda ya buga masa ƙofa, ya rasa abin da ke masa daɗi, har ya riƙa yi wa yara faɗa ba dalili. Na dubi motarsa a tokare, na dube shi, ban ce komai ba.

Wajen la'asar aka kawo falle biyu daga kasuwa, ɗaya madadin wanda ya karye, ɗaya ƙari. Bakaniken ya girgiza kai, ya huda, ya ɗaure. Karyayyen kuma bai kwana a garejin ba. Wani yaro ya zo ya tsince shi da sauran irinsa ya zuba a buhu. Maƙera yake kai wa, don sun daɗe da gane cewa ƙarfen sifirin yana riƙe kaifi, da shi suke ƙera gatari da adda da wuƙar mahauta.

Aka sauke motar daga kan kututture, bayanta ya ɗaga sama, hancinta ya duƙa. Baba ya danna bodi da hannu biyu, ko gezau. Ya biya, ya yi mana sallama, ya ce ana jiransa a Dawanau da buhu ashirin da biyu. Yaron da ya tafi sayo famfona kuwa sai gab da magariba ya dawo, kuma ba irin na motata ya kawo ba.