Abin da Ka Iya Faruwa: Yawon Kunne a Fagge da Sabon Gari

Mu mutanen Maraɗi mun san Kano da ƙafa fiye da yadda muka san ta da kunne. Mutum zai taso da asuba, ya bi ta Ɗan Isa, ya ƙetara Jibiya, ya wuce Katsina, can da rana yana Wapa yana ƙirga nairar da 'yan canji suka ba shi a madadin sefarsa. Daga nan sai Kantin Kwari, ya ɗaure dilar atamfa da shadda, ya juya. Da Hausa ya zo, da Hausa ya yi ciniki, da ita ya koma, shi ya sa ba ya jin ya je wata ƙasa. Abin da ya sa na buɗe kunne a wannan zuwan sauyi ne da aka yi a gida: a 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ɗan lakwal irina, wanda Ingilishinsa bai wuce na aji ba, sai ya fara sha'awar jin yadda harshen yake a bakin masu neman abinci da shi.

A Fagge na sauka, gidan fatoman da ya saba sauke 'yan garinmu. Unguwar ta daɗe da sanin baƙo. Tun zamanin ayari nan ne zangon Buzaye masu kawo gishiri daga Azbin, a bayan ganuwa, kuma a gefenta Kwarori suka kafa kantunan da suka zama Kantin Kwari na yau. Ɗan Nijar a Fagge ɗan gida ne, har ya gaji da amsa gaisuwa. Amma ka hau a-daidaita-sahu, kafin ka gama gyara zama an sauke ka a wata duniyar, alhali ba ka ma fita daga ƙaramar hukumar Fagge ba.

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1913 kuma Turawa suka yanka filin don akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga kudu da bakin teku. Sunayen tituna kaɗai sun isa tarihi: Freetown, Gold Coast, Abeokuta, Enugu, Warri, ga titin Faransa da ya ba ni dariya, wai har nan ta biyo mu. Layukan a miƙe suke, an yanka su da ma'auni, benaye sun haɗa kafaɗa, ko wane ƙasan bene shago ne, ko wane bango allo ne. Coci na kallon masallaci, mai sayar da kayan gyaran mota na maƙwabtaka da mai buga katin biki. Ban taɓa ganin wurin da rubutu ya yi yawa a jikin gini haka ba, kuma kusan duk da Ingilishi.

Mura ce ta kai ni wani ɗan kemis a ɗaya daga cikin layukan nan. Manyan 'yan sarin magani an mayar da su Dangwauro, kan titin Zariya, amma ƙananan shaguna suna nan. Mai shagon dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, da tabarau rataye a wuya, Hausarta kuwa ta Kano ce tsantsa, har da "wallahi tallahi". Ta miƙo mini kwalin magani, sannan ta tambaya:

"Alhaji, kai za ka tuƙa mota?"

Na ce, "A'a, Mama, ta haya zan hau."

Duk da haka ta zaro 'yar takardar da ke cikin kwalin, ta warware ta a kan kanta, ta ɗora farce a kan wani layi inda aka ce kada a haɗa shi da "medicines that may cause drowsiness". Ta ce, "Ka ga wannan 'may' ɗin? Ba su ce dole ka yi barci ba. Ba su kuma ce ba za ka yi ba. Wani zai sha ya yi ta harkarsa, wani kafin ya kai tasha ya fara gyangyaɗi. Su dai sun faɗa maka, sun fita haƙƙinka."

Na yi shekaru a aji ana koya mana wannan da alli, ba a taɓa fayyace mini shi kamar yadda ta yi a tsaye ba. Ga yadda abin yake. Idan mai Ingilishi zai fayyace wani suna, sai ya maƙala masa guntuwar jimla mai farawa da who, ko which, ko that, kamar yadda muke cewa "wanda" ko "da". In abin da zai faɗa tabbas ne, aikatau ya biyo kai tsaye. In kuwa yiwuwa ce kawai, sai ya cusa wata 'yar kalma a tsakani: can, could, may ko might. Kalmomin nan ba sa sauya kama, ko mutum ɗaya ake nufi ko dubu, aikatau ɗin da ke bin su kuma tsirara yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Ka cire 'yar kalmar daga takardar Mama, ka mayar da gargaɗi hukunci: maganin da ke sa barci, ko ka so ko ka ƙi.

Kuma ba nauyinsu ɗaya ba. "Goods that can spoil" kaya ne da lalacewa ke cikin halinsu, tumatir ko kifi, ko yau ko gobe. "Goods that may spoil" kuwa wannan kayan ne, a wannan tafiyar, ana jin tsoro. Might ta fi rauni, ita ce ta ɗan kasuwar da ke ajiye kaya saboda "a customer who might come back", alhali zuciyarsa ta fi ba shi ba zai dawo ba. In abin ya riga ya wuce ana ta zato, sai a ƙara have, a ce "the boy who might have taken it", yaron da wataƙila shi ya ɗauka. Da irin wannan ake nuna zargi ba tare da an kama sunan ɓarawo ba, kuma a unguwar da ƙabilu suka cakuɗe haka, wannan ba ƙaramar dabarar zaman lafiya ba ce.

Mu da muka sha wuyar Faransanci mun fi kowa ganin sauƙin. A can, in kana neman mutumin da ba ka tabbatar akwai shi ba, aikatau ɗin kansa kake lanƙwasawa: peut ta koma puisse, sait ta koma sache, kuma bulala nawa aka sha a kan haddar su, Allah kaɗai ya sani. Ingilishi ya bar aikatau ya huta, ya ɗora wa 'yar kalma ɗaya kayan.

Inda na fi jin daɗi shi ne tashar New Road, wurin manyan motocin safa masu zuwa Anaca da Legas da Fatakwal. Da yamma wurin ba masaka tsinke: 'yan dako da kura, buhunan albasa da wake, masu gasa masara, yaran mota suna ta kiran garuruwa. Na raka wani yaron fatomana zai aika kwalin kayan tangaran. Akawun da ke rubuta takardar kaya bai ko ɗago kai ba, ya tambaye shi da Buroka, wato Turancin kasuwa, ko akwai "anything wey fit break". Yaron ya amsa masa da Burokan shi ma, ya juyo gare ni da Hausa. A Turancin kasuwa wey ta tsaya a gurbin who da which da that gaba ɗaya, fit kuma ta haɗiye can da may da might, ba ruwanta da bambancin nauyi. Murya da fuska ne ke cike sauran. Malaman makaranta na yi masa kallon karyayyen Turanci, amma tun 2017 BBC ke da sashe guda da wannan harshe. Akawun nan kuwa, da ya zo rubutawa a takarda, sai ya koma Ingilishin littafi, ya sa may ɗinsa daidai inda ta dace. Baki daban, alƙalami daban, kuma bai yi tuntuɓe ba. Wannan sauyin taku cikin ƙiftawar ido shi ne abin da ya fi burge ni ga mutanen Sabon Gari, tun daga yaron shago har mai gidansa.

Suna da dalilin ƙwarewa a zancen yiwuwa. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira kasuwar Abubakar Rimi, a watan Maris na 2016 ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiya. Wanda ya ga irin waɗannan ba ya magana a kan gobe da gadara.

Da dare muna zaune a ƙofar gida a Fagge, ana ta shan shayi, na kwashe labarin duka na ba fatomana, ina ta yabon Ingilishi. Dattijon ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"To, Malam, mu kuma 'ka' ɗinmu fa? In na ce abin da ka iya faruwa, na ce ya faru ne?"

Gaskiyarsa. Hausa na da 'yar kalmar da kusan ba ta zama ko'ina sai a irin wannan gurbi. Muna cewa "ruwa ya iya ɓarna", amma ba ma fara jimla da "ka iya" haka kawai. Galibi bayan "da" ko "wa" ko "me" take fitowa: cutar da ka iya yaɗuwa, mutanen da ka iya zuwa, wa ka ja da ikon Allah. Kullum tana bakin masu karanta labarai a rediyo, a Kano da Yamai duka. Ta fi ta Ingilishi tsauri ma, don may tana yawo ko'ina a jimla, tamu kuwa ta san ɗakinta.

Muna cikin haka iska ta kaɗa daga gabas, hadari ya fara haɗuwa ta wajen filin jirgi. Fatoma ya ƙwala wa yaransa kira, ya ce a ɗora dilolin baƙi a kan katako, a ja tamfol a rufe, a kuma kira direban Jibiya a ji ko da asuba zai tashi ko sai ruwa ya ɗauke.