Autarmu da Doremi

Bana akwai abin da ya dame mu a gida. Ƙannenmu mata sun kamu da kallon Doremi a salula, wani zanen Japan da kamfanin Toei ya fara fitarwa a 1999. Labarin wata 'yar firamare ne da ta tona asirin wata matsafiya, matar ta rikiɗe ta koma kwaɗo, dole yarinyar ta koyi tsafi don ta maido ta.

Ran nan muka tarar autarmu ta ɗaga muciya tana juyi, wai ita ma rikiɗa za ta yi. Wallahi gabanmu ya faɗi, don mun karanta hukuncin sihiri a Suratul Baƙara. Muka ƙwace wayar. Ashe maƙwabta ta koma tana kallo.

Sai muka zauna muka kalla tare da ita. Muka ce, "Auta, wannan zane ne. Sanda ba ta biyan buƙata, Allah ake roƙo. Amma dubi yadda Doremi ba ta yada ƙawayenta."

Yanzu sharaɗi ɗaya ne: hadda tukuna, sannan kallo, kuma muna kusa. Muciya dai ta koma tukunyar tuwo. Allah ya shirya mana su, amin.