Zabuwar da na ɓoye ma rana

 Yau ba zancen hatsi zan yi maka ba. Zancen wata ƴar shuka ce da na kusa kashewa da hannuna, alhali ina cewa gata nake yi mata.

Wata shekara na je kasuwar Tawa, na sauka gidan yayata. A tsakar gidanta na ga zabuwa cikin tsohon kasko, wadda mutanen gari ke ce ma alobera. Ganyenta kore ne, mai kauri, cike da ruwa mai yauƙi. Ta ce in yaro ya yi ƙaramar ƙuna wurin murhu, takan zuba ma wurin ruwan sanyi, sannan ta shafa wannan yauƙi. In ƙunar babba ce kuwa, sai likita. Na ce: "Yaya, ki sam mini iri." Ta ciro mini ƴaƴa 2 daga gindin uwar.

Da na iso gida sai na ji tsoron awaki da kaji. Na dasa su cikin tukunya, na kai cikin shigifa, na ajiye a lungu bayan gado. Ka san shigifarmu ta Adar: tagarta ba ta fi tafin hannu biyu ba. Maiɗakina kuma kullum ta zuba musu ruwa, safe da marece.

Bayan wata 2 me na gani? Ganyen ya yi fari-fari, ya sirance, ya yi tsawo, ya sunkuya wajen ƙofa kamar mai leƙen baƙo. Ɗaya kuma da na taɓa ta sai ta tuge. Gindinta ya ruɓe, yana wari.

To, me ya sa? Malamin gona ne ya gane da ni. Ya ce: "Malam, ganye shi ne madafar shuka, haske kuma shi ne itacen wutarta. Ka hana ta haske, ka bar ta da yunwa." Shukar da ba ta samu haske ba, miƙewa take yi tana neman shi, shi ya sa take sirancewa. Kuma ba ta shan ruwa sosai cikin duhu. Ruwan sai ya kwanta cikin tukunya, saiwa ta ruɓe. Zabuwa da ma da guzurin ruwanta cikin ganye. Ba a ƙara mata sai ƙasar ta bushe ƙayau.

Nan na sake yin wani kuskure. Na ce tun da haske take so, bari in ba ta shi duka. Na ɗauki wadda ta rage na aza tsakiyar gida. Watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasar Tawa. Kwana 3 kawai ganyen ya koma ja, wani wurin ya yi farin tabo ya bushe. Maiɗakina ta ce: "Malam, da ka kulle ta, yanzu kuma ka gasa ta!" Ban ce komai ba, don gaskiya ta faɗa. Ko mutum in ya daɗe cikin ɗaki, ya fito da tsakar rana, ai sai idonsa ya rufe.

Ga abin da na koya, kai ma ka riƙe. Zabuwa tana son hantsi. Ka ajiye ta gabas da katanga ko gabas da itacen bedi, ta sha rana daga fitowarta har kamar awa 4 ko 5, in rana ta take inuwa ta rufe ta. In daga ɗaki za ka fito da ita, kada ka yi gaggawa. Fara da inuwa mai haske, kullum ka ƙara mata rana kaɗan, har sati 2. Jan ganye yakan koma kore in ta samu sauƙi. Amma farin tabon nan ba ya warkewa, sai dai sabon ganye ya fito.

In dole sai cikin ɗaki, to bakin taga ko bakin ƙofa, ba lungu ba. Lokacin ɗari rana tana karkata wajen gusum, don haka tagar gusum ta fi samun haske. Ka riƙa juya tukunyar duk sati don kada ta karkace. Ƙurar hunturu kuma ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, don tana tare haske. Moda ta fi zabuwa haƙurin ɗaki, amma ita ma ba ta son duhu.

Kada ka ɗauka duk mai ajiyar ruwa halinsu ɗaya ne. Dubi aguwa, wadda muke shinge da ita. Ita ba ruwanta da inuwa. Rana ta kwana a kanta ma ba ta damu ba. Da rani takan zubar da ganye ta tsaya da ruwan jikinta, damina ta zo ta sake tohowa. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun ce hatsi ya ƙone, bisashe sun mutu, aguwa tana nan tsaye. Ni kuwa a shingen garkata, wurin da inuwar bedi ta rufe, nan aguwar ta yi laushi, ta yi giɓi, nan ne awaki suka shiga suka cinye mini yakuwa. Yanzu ƙaya nake sawa a wannan gefe. Reshen aguwa kuma da bazara ake dasa shi, kafin ruwa ya sauka. Ka kiyayi nononta, kada ya shiga ido, ka kuma hana yara wasa da shi.

Zabuwata fa? Tana nan gabas da rumbu, na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Tsohon tabon yana jikin ganyen ƙasa har yau. Bara ta yi ƴaƴa 5. Na ba maƙwabta 3, kowa kuma sai da na bi shi gida na ga inda zai ajiye.